Abin da Ya Rage na Yaya

Yaya ta rasu bara, amma har makon jiya ni nake ba ta abinci. Kada ku kalle ni haka, hankalina ƙalau. Kafin a yi mata aikin sankarar mama ta yarda a ba ɗakin binciken da nake aiki ƙarin da za a cire. "Tunda ya nace, tafi da shi ya yi wa wasu amfani," in ji ta, tana dariya. Ita ta tafi, ƙwayoyin ƙarin suka ci gaba da rayuwa a 'yar kwalba, cikin akwati mai ɗumin jikin mutum.

Da safe nakan tsiyaye ruwansu da ya koma rawaya, in zuba sabo. Duk sanda na sa hannu a akwatin, wallahi ɗumin goshinta nake ji. Bakina da ba ya riƙe magana, na gaya wa Umma. Tun daga ranar, ko takalmi ban cire ba za ta ce, "Ta ci?"

Farfesa, shugabanmu, ya daɗe yana haɗa wasu 'yan mitsi-mitsin guntayen sinadarin furotin don maganin sankara. A cikin ruwa kowanne harkar gabansa yake, amma da sun shiga ƙwayar sankara sai su kama juna da kansu, su saƙa zare har su shaƙe ta.

Sai firizarmu ta lalace, ajiyar ƙwayoyin Yaya da muka daskarar ta tashi aiki. Kwalba ɗaya ta rage, ƙwayoyinta ma sun fara gajiya.

"Yau za mu gwada maganin a kansu," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara jira mana."

"Wannan ba yayarki ba ce. Abin da ya kashe ta ne."

Ni zai gaya wa? Wa ya yi jinyarta? Amma duk duniya ba abin da ya rage mai rai daga jikinta sai wannan. Na hana kowa taɓawa, na ɗiga maganin da hannuna.

Washegari na leƙa ƙwayoyin ta madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Sun yamutse, sun saki gindin kwalba suna yawo a ruwa, ko ɗaya bai tsira ba. Ɗaki ya kaure da tafi. Ni kuwa tsoro da baƙin ciki suka rufe ni.

Ina shiga gida Umma ta ce, "Ta ci?"

"Maganin ya yi aiki, Umma."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Alhamdulillahi," ta ce. "To yaushe za su ba mu ita mu rufe?"