Fuska a Kan Ƙarfe

Duk wanda ya ga Direba tsaye a gaban ƙarfe, ido a rufe, leɓe na rawa, sai ya rantse addu'a yake yi. Alhali wuyan mutum yake shaƙewa.

Wuyan yayan matarsa ne. Ranar da suka tare a sabon gida, firji ya gagari Direba a tsakiyar matakalar bene. Ya yi nishi, ya yi gumi, har wandonsa ya yage ta baya. Yayan, wani ƙato mai sayar da taya, ya ture shi gefe da hannu ɗaya, ya saɓi firjin shi kaɗai ya haye. Da ya sauko kuma bai bar maganar ba, sai da ya shaida wa maƙwabta wai ƙanwarsa tsinken sakace ta aura. Dariyar ran nan ita ta kai Direba gidan ɗaga ƙarfe.

Kocin wurin, wani gajere mai faɗan tsiya, kullum huɗubarsa ɗaya: zuciya ke fara ɗaga ƙarfe kafin hannu, don haka kowa ya ajiye hoton wani abu a ransa. Wani kofin gasa yake gani, wani uwarsa, wani budurwar da ta ƙi shi. Direba bai taɓa faɗa wa kowa nasa ba. Zai shafa alli a tafin hannu, ya ɗaure bel, ya rufe ido, sai ga fuskar nan ta iso da faffaɗan hancinta da wushiryarta, kumatu na rawa don dariya. Sandar ƙarfen ta koma maƙogwaro. Ya damƙa, ya fizga, ya cilla sama. Shekaru ya yi yana kiwon fuskar nan kamar mai kiwon rago. Ko gaisuwa ya daina zuwa gidan yayan, don kada a yi masa wani alheri a ɓata masa ita.

Ana nan sai koci ya ce gurbi ɗaya ya rage a cikin masu zuwa gasa, kuma tsakanin mutum biyu ne: Direba da wani mai walda, matashi mai baƙin baki, wanda ke yawo yana cewa ƙarfin direba a sitiyari yake ƙarewa. Furfura ta fara leƙo wa Direba a gemu. Ya san in wannan ta wuce shi, wata ba za ta zo ba.

Ranar gwaji ɗakin ya cika, warin gumi da tsatsa ya tokare hanci, fankar sama tana juyi kamar an tilasta mata. Direba na ɗaure bel sai ga matarsa ta shigo, riƙe da hannun wani tsoho mai dogara sanda. Sai da mutumin ya buɗe baki wushiryar ta bayyana sannan ya gane shi. Ciwo ya cinye ƙaton nan tas. Hula ta yi masa yawa, wuya ya koma na kaza. Matar tana ta fara'a, wai ta ɗauko Yaya ne ya zo ya ba su goyon baya.

Yayan ya kama hannun Direba da hannu biyu, masu sanyi, marasa nauyi.

“Ƙanena, na ji labarinka. Allah ya ba ka sa'a.”

Direba ya amsa da amin a ciki-ciki, ya zare hannunsa.

A ɗagawar farko ya rufe ido ya kira fuskar, sai ramammiyar ta zo, tana murmushi tana sa masa albarka. Ƙarfe ya kai gwiwa ya koma ƙasa. Mai walda ya zo ya ɗauke ƙarfen kamar bokitin wanka, ya dire, ya ce a taimaka a kawo wa baba Direba kujera kusa da ɗan'uwansa mai sanda. A ta biyu Direba ya yi ta ƙoƙarin mayar wa fuskar da kumatunta, yana liƙawa suna zamewa. Ƙarfe ya kai ƙirji ya kuɓuce.

Aka ƙara faifan ƙarfe a kowane gefen sandar, ya gagari mai walda. Koci ya jawo Direba ta bel ya ce masa, ba da wasa ba, saura ɗaya: in ya ɗaga wannan gurbi nasa ne, in ya kasa ya kwashe takalmansa.

Ya sunkuya ke nan, ɗakin ya yi tsit, sai muryar matarsa ta ratso:

“Maigida, in da nauyi ka bar musu abinsu, kada ka ji ciwo.”

Dariya ta ɓarke. Mai walda har da buga cinya. Direba ya miƙe a hankali ya juya ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta: ɗan bakin nan, da girar da ta ɗage don tausayi, da hannun da ta ɗora a kafaɗar yayanta. Wa ya aike ta? Wa ya ce ta jawo masa wannan gawar? Ya koma ya damƙi sandar, ya rufe ido, sai ga sabuwar fuska ta iso.

Ƙarfen ya tashi kamar ba a sa masa komai ba. Ya riƙe shi a sama har sai da koci ya daka masa tsawa ya sauke.

Da yamma matar ta tara maƙwabta a bakin ƙofa tana ba su labari, har da kwaikwayon tsayuwarsa. Wai sau biyu yana kasawa, amma da ya juyo ya kalle ta, ita kaɗai a cikin taron nan, sai ƙarfi ya zo masa. Matan suka yi ta sa mata albarka, wata ta ce ita nata mijin ko tsintsiya ba zai ɗaga dominta ba.

Direba na zaune a gefe, kwanon abinci a cinya. Kallonta kawai yake yi, yana haddace yadda bakinta ke motsi in tana dariya. Gasa dai na nan tafe.