Wayar Anti da Kukan Sabar

A ofishin ana ce masa Sauri. Manaja kan ce hannunsa ya riga kansa isa wurin aiki, direba kuma ya ce ko takardar magani ba ya karantawa har ƙarshe. Amma duk sun yarda ya iya kwamfuta, shi ya sa aka ba shi aikin ɗora manhajar sa ido a kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin.

Manhajar kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Aikinta ta riƙa ƙwanƙwasa wa na'urorin kamfanin, wadda ba ta amsa ba, ta aika saƙo a waya. Sauri ya shiga ƙaramin ɗakin nan mai sanyi da ƙugin fanka, ya sauke ta, ya kunna, allo ya cika da koren layi. Akwai wurin da ake gaya mata ta sake gwadawa kafin ta yi kuka, ya tsallake shi. Da ta nemi lambar waya, ya sa ta Anti, abokiyar aikinsa da ke da jiran na'urorin a wannan makon.

Mahaifiyar Anti tana kwance a asibiti, kowa ya sani. Ƙanin Anti ke jinyarta, ita kuwa Anti wayarta ba ta barin tafin hannunta.

Layin intanet na ofis yana da ɗan tangarɗa. Ko ƙiftawa ya yi, sai saƙo: sabar ta faɗi. Jim kaɗan: ta tashi. Duk ƙara sai gaban Anti ya faɗi, ta duba, ta ga sabar ce.

"Ƙanina, wannan 'yar taka ta cika kuka," ta ce wa Sauri. "Ka lallashe ta mana. Kira nake jira."

"Haba Anti, sabuwar haihuwa ce. Za ki saba."

"Zuciyata ce ba za ta saba ba."

"Gobe zan duba, in sha Allahu."

Goben ta zo, aka tura shi wani reshe, ya manta. Da rana Anti tana haɗa wayoyin lantarki a bayan akwatin na'urori, ƙarar ta ishe ta, ta kashe sautin wayarta don ta ƙarasa aikin. Da ta fito, ta tarar da kiran ƙaninta jere a tsakanin saƙonnin sabar. Tsohuwar ta yi ta tambayarta. Kafin Anti ta isa asibiti, tsohuwar ta cika, har an rufe mata fuska.

Sauri ya gyara manhajar a yammacin ranar. Gyaran bai kai shan ruwa ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ya je gaisuwa cikin ayarin ofis, ya ɓuya a bayan Manaja, ya faɗi abin da kowa ya faɗa.

Da Anti ta dawo aiki ba ta yi masa faɗa ba. Tana gaishe shi, tana miƙa masa sukuddireba in ya nema. Ya gwammace zagi.

Wata safiya ya same ta ita kaɗai a ɗakin sabar, tana kallon koren allon.

"Yanzu ta yi shiru," ta ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa, sanyin ɗakin na dukan ƙafarsa.

"Anti, kin gaya mini, ban ji ba. Ni na jawo. Don Allah ki yafe mini."