Sabon sifirin Maitama

Hanyar da ta taso daga ƙauyukan Jangeru zuwa Shinkafi sunanta kawai hanya. Shekara shida Maitama yana bin ta da akori-kurarsa yana kwasar gero, har bayan motar ya zauna kamar na tsohon jaki.

Bayan girbin bana ya kai ta Kaura Namoda wurin Dauda bakanike. Dauda ya ƙara wa sifirin baya, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, ganyen ƙarfe uku-uku na babbar mota, ya cire tsofaffin shoka masu rage jijjiga ya ɗaura masu kauri. Ranar Maitama ya loda buhu ashirin a Kasuwar Daji, motar ko gezau. Daga nan kullum da kaya take, ta tafi da gero ta dawo da siminti ko gishiri, shi kuwa baki har kunne, ya ishi 'yan tasha da yabon Dauda.

Kwana tara bayan gyaran ya iso gida da hantsi, ya tarar da mata cike da tsakar gida. Matarsa Salima ce ke naƙuda. Cikin fari ne, kunya ta sa ta ɓoye ciwon kwana guda, ga shi yanzu jini ya ɓalle, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta.

Maƙwabta suka yi abin kirki. Kafin ka ce kwabo sun sauke kayan kaf, sun share bayan motar, sun shimfiɗa katifa. Amma babu namijin da ya hau, don namiji ba ya zama kusa da matar wani tana naƙuda. Inno, mahaifiyar Maitama, ita kaɗai ta hau ta rungume kan Salima.

A ramin farko bayan motar ya yi tsalle ya dawo da ƙarfi. Maitama ya ji ihun matarsa har cikin ƙashinsa. Sifirin da aka shirya wa buhu ashirin ina zai san da nauyin mata biyu? Sifirin ya sandare, kowane kwazazzabo sai ya cilla katifar sama. Inno ta dinga dukan rufin motar.

"Kai ɗan nan, mi ka yi ma motag ga? Kashe ta za ka yi!"

Sai a lokacin ya gane, tsoro ya kama shi. Da an bar ko buhu biyar a cikin motar da sun isa, ga su can jibge a ƙofar gida. Ya tsaya ya duba ko zai sami duwatsu, babu komai sai rairayi. In ya taka mota Salima ta wahala, in ya sassauta jini na zuba. Ya zaɓi sassautawa, yana lallaɓa kowane rami yana kuka. Tafiyar awa ɗaya ta ci kusan uku.

A ƙofar asibitin Shinkafi ma'aikaciya ta taɓa wuyan Salima, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Kafin la'asar dangi sun iso bisa babura. Maza takwas suka hau baya suka kewaye gawar, yanzu babu sauran kunya. Maitama ya kama hanyar gida. Da nauyinsu sifirin ya yi laushi, motar ta bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya tana lilo a hankali, katifar ko motsi ba ta yi ba.