Ranar da Jif ta Fi Ƙarfin Rulon Stoddard

Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, Rulon Stoddard bai ƙara riƙe sitiyari ba. Likita ya hana, ɗansa Colby ya karɓi makulli, shi kuwa ya haɗiye abin a ransa. Abu ɗaya ne ya ce ba zai haɗiye ba. Ranar da ƙungiyar masu hawan duwatsu da mota za ta yi fitarta ta farkon bazara, jif ɗinsa ce ke shiga gaba kamar kullum, kuma sai yana cikinta, ko da a kujerar mai zaman banza ce.

Ba rigimar tsufa ba ce kawai. Motar nan shi ya haɗa ta da hannunsa, shi ya ɗaga ta, shi ya sa mata tayoyi inci talatin da biyar a zamanin da mutanen kudancin Utah ke ganin hakan taɓin hankali ne. Hanyar Wuyan Alfadari da ake tinƙaho da ita yanzu, shi ya fara bin ta, lokacin ko shanu ba sa yarda su hau. Duk wanda ke cikin ƙungiyar a bayan ƙurarsa ya koyi tuƙi. Da yawansu kuma sun sha zagi a bakinsa, don Rulon mutum ne da bai san lallashi ba. In ka kafe a kan dutse sai ya gama yi maka dariya kafin ya miƙo igiya.

Duk lokacin sanyin nan a gareji ya yi shi, yana koyon shiga motarsa. Ya ɗora ƙafar dama a kan matakala, ya kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannun dama, ya ja jikinsa, ya juya ya zauna, sannan ya jawo ƙafar hagu da hannu kamar kayan wani. Da farko sai maƙwabcinsa DeLoy ya riƙe masa ɗamara ta baya. Kafin ƙanƙara ta narke ya iya shi kaɗai, hawa da sauka, har yana yi yana fito. Colby ya sha shigowa ya same shi a kai. Sai ya tsaya ya kalla, ya ɗauki abin da ya zo ɗauka, ya fita.

Ana saura 'yan kwanaki a yi fitar sai Colby ya tafi da motar shagonsa, wai za a canza mata mai. Yaron yana da shagon kayan mota a gari, kuma duk fitar da ya yi sai an ɗauke shi a bidiyo an watsa, don ta nan masu saye ke zuwa. Ya ce wa uban su haɗu a filin da ake taruwa kawai.

DeLoy ne ya kai shi da safe. Shi DeLoy ya daɗe da daina hawa, gwiwa ta hana. Aikinsa yanzu ya zauna a bakin fili yana gasa dankali a tukunyar ƙarfe kafin mutane su dawo. Filin ya cika. Kowa ya durƙusa gaban motarsa yana rage iskar taya don ta kama dutse, ko'ina sai huci kake ji. Rulon ya fito da sandarsa, ya sa hular ƙungiya ta asali wadda rana ta cinye launinta, yana amsa gaisuwa da ka.

Sai ya hango wata ƙatuwar mota a gaban layi, samari sun kewaye ta suna fito. Da ba don launin ba, da bai gane cewa jif ɗinsa ce ba. Tayoyin sababbi fil, baƙaƙe, masu haƙora kamar na tarakta, an yanke gefen jikin motar don su samu wurin juyawa. Ƙofar da ya saba da ita ta koma can sama. Matakalar kuwa babu ita, sai wani siririn ƙarfe da ya manne da jikin motar.

"Kai Colby," in ji shi, "canjin man ke nan?"

"Har da shi, Baba." Colby ya bubbuga tayar yana murmushi. "Inci arba'in. Ka taɓa ganin ta yi kyau haka?"

"Ina matakalata?"

"Na cire. Dutse take kamawa. Ai kai ka ce duk abin da ke lilo a ƙarƙashin mota abin kunya ne."

Wata yarinya mai suna Shaylee, wadda ke ɗaukar wa Colby bidiyo, tana tsaye a gefe da na'urarta. Jakarta kuma tana rataye a bayan kujerar mai zaman banza. Rulon ya ga jakar, ya ga tayoyin, ya gane komai. Yaron nan bai da ƙarfin halin da zai dubi idon ubansa ya ce ba za ka ba, shi ne ya sayo tayoyi su faɗa masa.

"Kujerarka tana nan, Baba," in ji Colby da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ni ban hana ka ba. Bismillah, hau."

DeLoy ya jawo akwatin ƙanƙararsa na lemo. "Mutumina, taka wannan."

"Ɗauke min tarkacenka," in ji Rulon. Ya jefar da sandar.

Mariƙin saman ƙofa ya yi masa nisa, ko yatsa bai kai ba. Ya gwada ɗora ƙafar dama a kan siririn ƙarfen, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukar nauyinsa, ya dawo ƙasa da tangaɗi. Wani daga baya ya yi tsaki na tausayi, wani kuma ya ƙyalƙyale da dariya. Ya sake gwadawa. A karo na gaba sai ya bar zancen mutunci gaba ɗaya. Ya kifa ƙirjinsa a kan daɓen motar, ya zura hannu ya kama ƙarfen ƙarƙashin kujera, ya fara jan kansa ciki da ciki. Hular ta faɗi. Wandon ya zame har ana ganin farin ɗan kamfai, ƙafafun suna reto a iska.

"Baba Rulon, a sa giyar taimako mana!" in ji wani saurayi.

"A miƙa masa igiya, amma a gama dariya tukuna," in ji wani dattijo da Rulon ya taɓa bari a cikin taɓo. Fili ya kwashe da dariya. Shaylee ba ta sauke na'urarta ba.

Shi dai bai saki ba. Ƙwaurinsa ya gurje a jikin ƙarfe, jini ya ɓata safa, gumi ya shiga idonsa. Ya sami gwiwar dama ta hau, ya kama kujera, ya murɗa jikinsa, ya faɗa kanta. Sannan ya jawo ƙafar hagu da hannu, ya gyara wando, ya ja ƙofa ya rufe.

Dariyar ta mutu. DeLoy ne ya fara tafi, wasu suka bi. Rulon yana haki, amma daɗin da ya ji rabonsa da irinsa tun kafin ciwon. Daga nan sama yana ganin kan kowa, yana ganin jajayen duwatsu da bakin hanya. Har ya ji a ransa cewa tayoyin ba laifi. Ya leƙo ta taga ya ce, "To me ake jira? Ko sai rana ta faɗi?"

Colby bai yi tafi ba. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya dubi Shaylee, ya dubi jama'a, sannan ya tako a hankali ya buɗe ƙofar.

"Madalla, Baba. Ka burge. Yanzu sauko."

"In sauko in yi me?"

"In gani. Ka san in an zo karkatar Wuyan Alfadari, inda mota ke kwantawa gefe guda, duk wanda ba direba ba sauka yake, ya taka da ƙafa. Ba ni na kawo dokar ba. A can kuma ba fili, ba mai ɗaukar wani. Sauko da kanka ka sake hawa, mu tafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Rulon ya juya ya sauko da ƙafafunsa waje. A gareji, in ya zame kaɗan sai ƙafar dama ta sami matakala. Yanzu ya zame, ya ƙara zamewa, babu komai sai iska. Ya leƙa ƙasa. Tsakuwa ce da dutse, kuma ya san ƙafar da za ta fara lanƙwashewa, ya san ƙugun da zai karye. Ya ja jikinsa baya.

"Ka rage mata iska tukuna," in ji shi. "Za ta sauko kaɗan."

"An riga an rage, Baba. Iyakar saukowarta ke nan."

A bayansu aka fara tayar da injuna, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya danna oda. Saurayin nan na ɗazu ya ɗaga murya, "Ko a kira 'yan kwana-kwana su zo da tsani?" Wannan karon dariyar ba ta yi yawa ba, amma ba wanda ya tsawata masa. DeLoy ya sunkuyar da kai yana juya sandar Rulon a hannu.

Rulon ya rage murya yadda ɗansa kaɗai zai ji. A rayuwarsa bai taɓa roƙon yaron nan komai ba, har bakinsa bai san yadda ake yi ba.

"Colby. Don Allah. Wannan karon kaɗai. Ba sai na sauka a karkatar ba. In ta kife, ta kife da ni."

"Ta kife da kai, duniya ta zage ni? A'a." Colby ya duba agogonsa. "Mutane na jira. Ko ka sauko, ko ka ce in sauke ka."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasan nan. Ya so ƙwarai ya saki jikinsa kawai, kome zai faru ya faru. Hannunsa na dama ne ya ƙi, ya damƙe kujerar ya ƙi saki. Ashe tsoro yake ji, kuma kowa a filin ya gani.

"Sauke ni," in ji shi.

"Na'am? Injuna sun cika min kunne."

"Na ce sauke ni!"

Colby ya zura hannu ƙarƙashin hammatarsa da gwiwoyinsa, ya ɗauko shi cak kamar buhun abincin kaji, yana murmushi wajen na'urar Shaylee don a ga ɗan kirki. Ya dire shi a gefen tayar baya. Sandar Rulon tana hannun DeLoy, don haka ya kai hannu ya rungumi tayar don kada ya faɗi. Ta kai masa har ciki, tana warin sabuwar roba.

"Kai, tsaya haka, Baba Rulon, kar ka motsa!" in ji Shaylee. Ta ja da baya tana ɗauka. "Yanzu ne ake ganin girmanta sosai."

Da ta gama ta kama ƙofa, tsalle ɗaya ta yi ta shige kujerar. Colby ya zagaya ya hau, ya tayar da injin. Motar ta girgiza, Rulon ya ji rawarta a ƙirjinsa, irin rawar da ya sani tun yaron nan bai iya tafiya ba. Bai san ya ƙara ƙanƙame tayar ba.

Colby ya duba madubi, ya leƙo ta bayan kan Shaylee.

"Saki tayar, Baba. Za mu wuce."