Ranar da Mama Ta Tashi Daga Baranda

Takarda ta maƙale a injin kwafi, Yaya ta tsugunna tana zaro ta a hankali, sai wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta jawo ta da hannun da ya yi baƙi ƙirin da tawada. Layi ɗaya ne kacal: Mama ta ƙaura daga Baranda zuwa Inuwa.

Sau uku ta karanta. Mama dai, wadda ta haife ta!

Baranda dandalin zumunta ne na intanet, amma ba irin manyan nan da kamfani ɗaya ke riƙe da kowa ba. A wannan tsarin kowace ƙungiya na kafa gidanta a kan kwamfutarta, da dokokinta da mai tsaronta, gidajen kuma suna gaisawa da juna. Gidan Yaya na zaune ne cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin shagonta, tsakanin katan ɗin takardu da kwandon shara. Shekara huɗu tana rainonsa, har ya tara mutum ɗari uku da 'yan kai: teloli, malaman makaranta, direbobi, 'yan fansho. Ita ke goge zagi, ita ke raba faɗa, ita ke korar ɗan iska. Ladan da ta samu shi ne suna, suka sa mata Hukuma.

Ƙanwarta Auta kuwa, malamar ƙananan yara 'yan nazire, aikinta a Baranda bai wuce yi wa baƙi maraba da tuna ranar haihuwar kowa ba. Ita sai suka sa mata 'Yar Albarka. Wata biyu da suka wuce wata ƙawarta ta kafa mata nata gidan, ta miƙa mata makulli ta kama gabanta. Auta ta raɗa masa suna Inuwa. Tun daga nan mutane ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya, Yaya na cewa ko a jikinta, alhali ta san adadinsu da sunayensu. Mama ce ta sittin da ɗaya.

Ta bar injin a buɗe ta leƙa Inuwa. Auta ta rubuta da manyan baƙaƙe, "Jama'a, Mama ta iso!" A ƙasa gaisuwa ce jere kamar ranar suna. Kishi ya turnuƙe Yaya. Ita ta saya wa Mama wayar, ita ta ƙara mata girman rubutu, ita ta yi sati biyu tana koya mata inda ake dannawa.

Can cikin masu gaisuwar ta hango wani sabon suna. Hotonsa hannu ne a kan sitiyarin mota, da ƙaton zobe a ɗan yatsa. Nan take ta gane shi. Ya sauya suna, amma ya kasa rabuwa da zoben. Bara mata uku suka kawo mata ƙararsa a asirce. Da gaida tsofaffi yake farawa, ya karɓi lambobin 'ya'yansu mata, daga nan sai saƙonnin banza da hotunan da ba sa kalluwa. Ta kore shi daga Baranda, sunayen matan nan uku kuma ko Auta ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

Ta fara rubuta wa Auta, "Ki kula, Mai Zobe ya shigo miki." Ta tsaya tana kallon saƙon. Sai ta goge shi tas.

"Ba gidan sakewa ba ne?" ta ce da injin kwafi. "To, a sake. Ta ɗanɗana ta ji yadda shara take."

Wani malamin lissafi ya shigo da takardun jarrabawa. Yana jiran kwafinsa yana murmushi da wayarsa.

"Hukuma, ƙanwar nan taki akwai iya zama da mutane. A Inuwa mutum sai ya yi raha ba a aiko masa da lamba ta bakwai a dokokin gida ba."

"Lamba ta bakwai ce ta hana a zagi matarka bara," in ji Yaya. "Kwafi nawa ka ce?"

Ya karɓi kwafinsa ya fita. Ita ma ba ta ji sanyi ba.

Bayan azahar sai ga Mama, daga asibitin ido, da katinta a hannu tana so a yi mata kwafi. Ta zauna a bencin jira ta cire takalmi ɗaya, kamar ba ta yi komai ba. Yaya ta gaishe ta a taƙaice, ta zubo mata ruwa, ta juya baya tana ta buɗe murfin inji tana rufewa.

"Wannan fuskar fa? Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mama. Na dai ga an tashi ba sallama."

"Au, har ta gaya miki? Wannan kwamfuta taki akwai gulma."

"Me na yi miki?" Yaya ta juyo ta fuskance ta. "In dokokin ne ki faɗa. In kuma Auta ce dai kamar kullum, shi ma ki faɗa, na saba. Tun muna yara ni ke wanke-wanke, ita ake goyawa."

"Ji min shirme! Mace da furfura a goshi tana kishin goyo." Mama ta kurɓi ruwa. "Zo nan ki ji. Ba ke kika tara mu kika ce duk saƙon sirri da aka aika a Baranda a cikin akwatin nan na ƙarƙashin teburinki yake kwana ba? Kika ce mai riƙe da gida in ya so zai iya buɗewa?"

"Gaskiya na gaya muku. Amma wallahi ban taɓa buɗe na kowa ba."

"Ban ce kin buɗe ba. Na ce kina iyawa." Mama ta ajiye kofin. "Ina da aminiya, shekara arba'in muna tare. Akwai abin da tsohuwa ke gaya wa tsohuwa. Maganar jikina, maganar babanku, Allah ya ji ƙansa, har da maganarku ku kanku in kun ishe ni. Sai in fara rubutawa, in tuna 'yata na zaune a kan akwatin, hannuna ya mutu. Wata shida ke nan ban rubuta mata komai ba sai ina kwana da ya jiki."

"To ai Inuwa ma…" Yaya ta fara, sai Mama ta katse ta da dariya.

"Auta? Auta da ko rimot sai an saita mata? Ita ba ta san ma akwai akwati ba. Shi ya sa na sake. Yau da safe shafi guda na rubuta, har da kukana."

Yaya ta yi tsaye da katin asibiti a hannu. Ashe ba don an fi son Auta ba ne, don ba ta iya ba ne. Ta so ta ji daɗi, amma kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Ita ta yi shekara huɗu tana tsare amana ba wanda ya gani, wata kuma an yarda da ita a banza.

"Mutanen can ma akwai ladabi," Mama ta ci gaba. "Wani ya gaishe ni har sau biyu, ya ce in ba shi lambar Auta zai taimaka mata da gidan. Na ce sai na sa tabarau tukuna."

"Mai zobe a hoto?"

"Shi fa. Kin san shi?"

Kunya ta rufe Yaya. Tun safe take riƙe da magana don ta ga ƙanwarta ta faɗi, ga shi mutumin ta kan uwarsu ya biyo. Ta ɗauki waya.

"Auta, in kun tashi ki biyo shago da kwamfutarki. Yau, ba gobe ba."

Auta ta iso da fenti shuɗi a gefen mayafi, tana haki. Yaya ba ta ja magana ba. Ta gaya mata ko wane ne Mai Zobe da abin da ya yi.

"Innalillahi! Su wa ya yi wa, Yaya?"

"Ba ki buƙatar sunansu. Buɗe nan."

Suka haɗa kai a kan allon. Yaya ta shigar da ita ɓangaren masu tsaron gida, inda Auta ba ta taɓa leƙawa ba. Ƙararraki goma sha ɗaya ne ke jira, wasu tun watan jiya. Auta ta dafe ƙirji.

"Duk wannan ke kaɗai kike yi?"

"Kullum, kafin in buɗe shago. Danna nan. A'a, ja ɗin. Shi ke nan, ya fita."

"Yaya, ni fa ban san haka abin yake ba. Na ɗauka gaisuwa ce kawai." Idonta ya ciko. Yaya ta daɗe tana jiran wannan rana, da ta zo kuma ba ta yi daɗin da ta zata ba.

Auta na share ido tana zagaya allon, sai ta tsaya a kan wani ɗan layi can ƙasa, mai kai mutum ma'ajiyar gidan.

"Wannan kuma na mene ne?"

Yaya ta san na mene ne. A bayanta Mama na zaune a benci, ta sa tabarau, tana danna waya da yatsa ɗaya, bakinta na motsi tana bin abin da take rubutawa. Kunnenta kuwa garau yake. Idan Yaya ta ce kawai, "Nan ne ake buɗe saƙonnin mutane," shi ke nan Inuwa ta zama daidai da Baranda, Mama ba ta da sauran dalilin zama can. Kuma ba ƙarya za ta yi ba. Maganar ta zo mata har leɓe.

"Kayan masu gyara ne," ta ce. "Ba ruwanki da shi. Kada ki taɓa, kada ki ba kowa makullinki."

"To, Yaya." Auta ta rufe kwamfutar.

Mama ta ɗago. "Kun gama? Ke Hukuma, zo ki ƙara min girman rubutun nan, ban gama da aminiyata ba."

Yaya ta karɓi wayar. Saƙon na buɗe, dogo, ta ga kamar har da sunanta a layin farko. Ta ɗora babban yatsa ta rufe wurin, ta kau da kai, ta shiga saiti ta ƙara girman, sannan ta miƙa wa Mama wayar a kife.