Kyallen Dinatu da Sifikun Baya

Ni Callistus, birkila ne. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma gidajen da na ɗora wa bulo tsakanin Samaru da Basawa, in aka jera su, unguwa ce guda. Falon gidana ma da hannuna na zuba masa siminti, na goge shi sumul, ko ƙwayar gero ba ta samun ramin maƙalewa. Na faɗi wannan ne don a gane irin zafin da na ji ranar da matata ta faɗi a kansa.

Matar tawa Dinatu idonta ya yi rauni shekara huɗu ke nan. Haske da duhu kawai take bambancewa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: daga ƙofar ɗakinta zuwa kujerarta da ke bayan falo, kusa da taga, taku tara ne, kuma ba ta taɓa neman a riƙe mata hannu ba. Kowace safiya takan share, ta goge, ta rufe talabijin da wani kyalle da ta ɗinka da atamfar Zumuntar Mata ta cocinmu, mai shafi biyu, mai kauri kamar bargo. Tun talabijin ɗinmu na fari mai baƙi da fari take wannan.

Kirsimetin 2006 ɗanmu Dominic ya zo daga Kaduna da kwalaye. Na'urar faifai ce da sifiku har shida. Huɗu suka zauna wajen talabijin, biyu ya kai bayan falo, ya ja musu waya ta ƙasa.

Na ce, "Dominic, wannan igiya fa?"

"Baba, zan manne ta da salatif. Ba abin da zai faru."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai ni ma da na hango, shiru na yi. Zafi ya ɗaga salatif, a watan Fabrairu ƙafar Dinatu ta shiga waya, ta tafi gaba ɗaya, ta karye a wuyan hannu. Ran nan na fizge wayoyin na jefa a sito.

Hannu ya ɗoru. Abin da bai ɗoru ba shi ne zuciyarta. Ta daina shiga falo. Daga ɗaki sai ta bi ƙofar baya zuwa kicin, daga kicin ta koma ɗaki. Na rantse mata babu ko zare a ƙasa, ta ce ta ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, balle wanda ba ya ganin tsumman. Kujerarta ta yi ƙura. Kyallen talabijin ya zauna a naɗe inda aka bar shi. Ni kaɗai nake cin tuwo gaban labarai kamar gwauro.

Bayan Ista Dominic ya bugo waya. Ya ce akwai wani Ejike a Sabon Gari mai shagon kayan sauti, yana da abin da ke aika murya zuwa sifikun baya ba tare da waya ta ratsa falo ba. Ya ce kuma ya samo faifan taron Zumuntar Mata na ƙarshe da uwarsa ta ja waƙa.

"In ta ji muryarta na fitowa daga bayan kujerarta, Baba, za ta fito."

Ban yarda ba, amma na hau bas na sauka Kwangila, na sake hawa zuwa Sabon Gari. Ejike magidanci ne mai furfura a gemu, haihuwar layin dogo, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Na ce masa ni ban san murya mai tafiya ba hanya ba.

Ya ɗauko rimot ya nuna mini. "Baba, wannan da kake canza tasha da shi, ina wayarsa?"

"Babu."

"To ɗan'uwansa ne. Haske ne da ido ba ya gani. Ƙaramin akwati a gaba yana aikawa, wani a baya yana karɓa. Na bayan a soket za a sa shi, wayoyinsa gajeru, a jikin bango zan kafe su. Ƙasa ko allura ba za ta taɓa ba."

Ranar Asabar ya zo. Ya ɗauke kyallen ya ajiye kan hannun kujera, ya ɗora ɗan akwatin, wanda bai fi kwalin ashana biyu ba, a kan talabijin. Ɗayan ya kafa shi saman taga. Na bi bayansa da tafin ƙafa, ba takalmi, na shafa falon daga bango zuwa bango. Ya kunna faifai. Sai ga mata sun cika ɗakin, ganga a gaba, amshi a baya, har na waiga.

Na je bakin ƙofarta. "Maman Dominic, fito ki ji."

"Ina ji daga nan."

"Daga nan ba daidai yake da can ba."

"Kunnena bai karye ba, Baban Dominic. Hannu ne."

Na bar kaza cikin gashinta. Na ce a raina, kullum da la'asar zan kunna, har ranar da za ta gaji da jin kanta ta bango.

Ina da 'yar gona a Bomo, nakan fita da sassafe in dawo bayan azahar. Litinin na dawo, na yi wanka, na kunna. Gaba na waƙa, baya tsit. Na danna duk abin da ke dannuwa. Tsit. Na kira Ejike.

Ni a sana'ata, ba a kiran ma'aikaci ya zo ya tarar da shirgi. Kafin ya iso ran Talata na kwashe komai daga kan talabijin da teburin, na share, na ja kujeru gefe. Ya shigo ya kunna. Mata suka amsa daga baya kamar ba su taɓa yin shiru ba.

"Baba, lafiyarsa ƙalau."

"Jiya ba shi da lafiya."

"Wataƙila wuta ce ta yi ƙasa."

Laraba baya ya sake yin tsit. Alhamis na sake gyara masa wuri, ya zo, abu ya yi waƙa. Juma'a tsit. A nan ne raina ya ɓaci, na buga masa waya na zazzage masa abin da ke bakina. Na ce kayansa irin jakin da ke tafiya sai mai shi na kallo ne. Na ce ruwa ba ya tsami banza, ya sayar wa ɗana ragowar kwantai don ya ga tsoho bai yi boko ba. Na ce gobe ya zo ya kwashe tarkacensa, in ya so matata ta ƙare kwanakinta a ɗaki, alhaki a wuyansa.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Baba, na ji. Alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe kada ka gyara mini wuri. Kada ka taɓa ko tsinke. Ka je gonarka, ni zan jira ka a ƙofar gida, mu shiga tare."

Haka aka yi. Na dawo na same shi zaune a dakali yana cin gyaɗa. Muka shiga.

"Kunna yadda ka saba," in ji shi.

Na kama bakin kyallen da ya rufe fuskar talabijin, na naɗe shi sama kamar yadda hannuna ya saba shekara talatin, na kunna. Baya tsit. Na juyo na dube shi, irin kallon da ke cewa gani ya kori ji.

Ejike ya matso. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga kyallen daga kan ɗan akwatin. Mata suka ɓarke da amshi. Ya sake. Suka yi shiru. Ya ɗaga. Suka dawo.

"Na gaya maka haske ne, Baba. Ka lulluɓe masa fuska da atamfa ninki huɗu. In zan zo kuma sai ka kwashe, don kirki."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na tsaya kamar an dasa ni. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, mutum ne da na ci wa mutunci a banza. Na ce, "Ejike, bakina ya yi maka ba daidai ba. Ka yafe."

"Haba Baba, ya wuce. Amma ni a kan kujera na bar kyallen nan waccan Asabar, na kuma gan shi can Talata da Alhamis. Ka gaya wa mai mayar da shi ya riƙa barin akwatin a waje."

Na buɗe baki zan ce babu mai mayar da shi. Sai na rufe. Mu biyu ne a gidan nan. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa rufe talabijin ba. Na kai hannu na shafa kujerar da ke kusa da taga. Ba ƙura.

"Maman Dominic!"

Tana tsaye a bakin ƙofarta, ashe duk tana ji.

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin," ta ce. "Da ka tafi gona na lallaba da ƙafa, na ji da gaske ba waya. Sai na shafa talabijin na ji shi tsirara, ƙura har ana rubutu. Wata uku ka bar shi haka, kai da kake cewa kai mai tsabtar aiki ne."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Don ka tsaya a kaina kana ƙirga mini taku? Na fi son in faɗi ba mai kallo." Ta juya wajen da ta ji muryar baƙo. "Ɗana, ka yi haƙuri da shi. Ni na jawo maka zagi. Ban san abin naku ma gani yake yi ba."

"Mama, ba komai. Zagin Baba da karin magana yake zuwa, na ƙaru."

Na ce zan jefa kyallen a sito tare da wayoyi. Ta ce in gwada. Ta aike ni in ɗauko almakashi da allurarta a gwangwanin kan gado. Ejike ya zana da biro a jikin kyallen daidai faɗin akwatin, ni na yanka rami, na zura mata zare.

Sai ta taho. Ban ƙirga da baki ba, amma tara ne. Ta zauna a kujerarta, ta ɗora kyallen a cinya, tana bin bakin ramin da yatsa tana dajewa. Ejike ya mayar da faifan farko. Muryarta ta tashi a gaba, ta shekarun da take gani, amshi ya zo ta bayan kafaɗarta.

Ta tsayar da allura, ta karkata kai hagu.

"Ka ji Jemimah ta Zumuntarmu can," ta ce. "Har a faifai sai ta riga kowa shiga."

Ta ci gaba da ɗinki. Da waƙar ta ƙare ta ce a sake, kuma in kawo wa baƙo ruwa, tunda dai yau ban gyara masa wuri ba.