Ranar da Gwaggo Fatu Ta Tsallaka

Malam Abdulsamad malamin lissafi ne a Azare, irin mutanen nan da in suka kama bayani sai an roƙe su su yi shiru. Binciken digirinsa na biyu a kan ɓargo yake. Yana lissafa yadda uwayen ƙwayoyin jini ke rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har wata rana ɗaya ta yi kuskure wajen kwafar kanta, zuriyarta kaf su gaji kuskuren. Sai ga shi a 2006 likitocin Kano sun ce abin da ya kama 'yarsa Zuliha ke nan, sankarar jini.

Dangin matarsa ba su yarda ba. Cikin zafin zazzaɓi yarinyar ta ambaci sunan Gwaggo Fatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Shi ke nan, aka ce mayya ce, ta kama kurwar yarinya, sai ta tsallake ta za ta sake ta.

Ransa ya ɓaci. Ya tsuguna a tsakar gida yana zana rassa a ƙasa da tsinke.

"Wallahi babu hannun kowa. Cikin miliyoyin rabuwa dole wata ta kuskure, Allah ya ƙaddara ta faɗo kan tamu."

Surukarsa ta dubi zanen ta taɓe baki. "To lissafin naka ya ce za ta tashi?"

Ya san saurin da ɓatattun ƙwayoyin ke ninkuwa, ya san da wuya Zuliha ta ga damina. Tsoro ya ci ƙarfinsa. Mutumin da ya cika gida da bayani, shi ne da ƙafarsa ya je ɗakin tsohuwar.

"Gwaggo, ki daure ki tsallake ta. Ba zai rage ki da komai ba."

Ta fito, mata sun cika tsakar gida, ta tattare zaninta ta tsallake jikarta, tana kuka ba sauti. Ko azahar ba ta jira ba ta hau motar Katagum, ta bar masa gidan.

Zuliha ta rasu kafin ruwan farko, kamar yadda ya lissafa. Gwaggo ba ta zo gaisuwa ba. Saƙo ta aiko a bakin wani direba:

"Ka ce wa Abdulsamad ina tsoron in zo, kada wani ya sake kwantawa."